Na'omi ko Mara: Wane Suna Ne Na Gaskiya Bayan Masifa?

Duk lokacin da masifa ta auka wa wani gari akwai lissafin da muka saba yi. Mukan ƙirga gawawwaki, mu ƙirga gidajen da aka ƙone, da rumbunan da suka zama toka, da majami'un da rufinsu ya rufta. Haka aka yi a Jos a watan Satumba na 2001, da Yelwa a 2004, da Dogo Nahawa a watan Maris na 2010. Haka aka yi a ƙarshen Oktoba na 2014, sa'ad da 'yan Boko Haram suka kama Mubi da hedkwatar EYN da ke Kwarhi, har shugabannin ikkilisiyar suka koma Jos na ɗan lokaci. Haka kuma aka yi a ƙauyukan Bokkos da Barkin Ladi bayan harin jajibirin Kirsimeti na 2023. Lissafin nan yana da amfani, gama da shi ake neman taimako, da shi kuma ake tuna wa hukuma hakkin da ke kanta. Amma akwai wata asara da ba ta shiga takardar kowane kwamiti, wato asarar da mutum yakan yi ta sanin ko shi wane ne.

Dattijon da ya shekara arba'in yana ciyar da baƙi a zaurensa, yau ga shi a layi da kati a hannu yana jiran mudun masara, sunansa ɗan gudun hijira. Matar da ake kira Maman wane a zumuntar mata, yau in an nuna ta sai a ce ai ita ce wadda aka kashe mata miji da 'ya'ya. Ba rikicin gari kaɗai ke yin haka ba. Hatsarin mota yana yi, fyaɗe yana yi, haka nan kwana arba'in a daji a hannun masu garkuwa da mutane, ko shekaru na duka da zagi a cikin gidan aure. Maƙwabtanmu Musulmi ma da suka yi asarar nasu a waɗannan rikice-rikice suna ɗauke da irin wannan nauyi. Bayan ƙura ta lafa, mutum yakan dubi kansa ya ga baƙo. Tambayar da nake so mu yi nazari a kai ita ce: sunan da masifa ta raɗa wa mutum, shi ne sunansa na gaskiya? In kuwa ba shi ba ne, shin ƙarya muke yi masa sa'ad da muka ci gaba da kiransa da sunansa na dā, bayan shi da kansa ya san ba kamar dā yake ba?

Abin da rauni yakan yi a ciki

Hausawa sun ce wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Allah ya halicci jikinmu da mai gadi a ciki. In haɗari ya taso, zuciya takan yi ta bugawa, numfashi ya yi sauri, ƙafa ta shirya gudu, tun kafin tunani ya gama auna abin da ke faruwa. Wani lokaci kuma jiki yakan sandare gaba ɗaya, mutum ya kasa motsi, ya kasa ihu. Ga wanda ya ga abin da ya fi ƙarfinsa, mai gadin nan yakan ƙi komawa barci ko bayan haɗarin ya wuce. Shi ya sa ƙarar abin wasan wuta da yara ke fasawa lokacin Kirsimeti takan sa babban mutum ya faɗi ƙasa, ƙaurin hayaƙi ya hana wata uwa cin abinci, yaro ɗan shekara goma ya koma fitsarin kwance. A 1980 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka shigar da wannan ciwo cikin littafin cututtukansu, bayan abin da suka gani a jikin sojojin da suka dawo daga yaƙin Biyetnam. Ciwo ne kamar sauran ciwuka, ba alamar ƙarancin bangaskiya ba ce.

Sai dai mugun mafarki da faɗuwar gaba ba su ne mafi zurfi ba. Abin da ya fi su zurfi shi ne hukuncin da mai raunin yakan yanke wa kansa a ɓoye. Wannan ya ce, ni matsoraci ne, na gudu na bar ƙanena. Waccan ta ce, na ƙazantu, ba ni da sauran daraja, me ya sa ban yi ihu ba? Wani kuma ya ce, da Allah yana ƙaunata da bai bari ba, lalle akwai la'ana a kaina. A nan ya kamata mu raba laifi da kunya, domin mukan haɗa su. Laifi yana magana a kan abin da mutum ya aikata, maganinsa kuwa tuba ne da gafara. Kunya irin wannan tana magana a kan mutumin kansa, tana ce masa shi ɗin ne ɓatacce. Abin tausayi shi ne, yawanci wanda aka zalunta ne ke ɗaukar kunyar da ta dace da azzalumin. In ka ce wa irin wannan mutum ya tuba, ka ƙara masa kaya, gama ba abin da zai tuba a kai.

Matar da ta ƙi sunanta

Mu mutanen ƙasar nan mun san nauyin suna, har mukan ce suna linzami. Mun saba raɗa wa yaro suna bisa ga halin da aka haife shi: Gambo mai bin tagwaye, Tanko mai bin mata, Audi wanda mahaifinsa ya rasu kafin a haife shi, Ajuji wanda uwarsa ta sha binne 'ya'ya. Ibraniyawa ma haka suke, shi ya sa labarin Na'omi a Littafin Rut ba baƙo ba ne a kunnenmu.

Yunwa ta kori Na'omi da mijinta Elimelek da 'ya'yansu biyu daga Baitalami zuwa ƙasar Mowab. Can mijin ya mutu. Bayan wajen shekara goma, Malon da Kiliyon suka bi mahaifinsu, ba wanda ya bar ɗa. Da ta dawo gida, gari ya ruɗe, matan garin suna tambayar juna ko ita ce kuwa. Fuskar da suka sani ta tafi. Ita kuwa ta ƙi sunan nan nata da ke nufin daɗi, ta ce a kira ta Mara, wato ɗaci, ta kuma ɗora abin da ya same ta a kan Mai Iko Dukka ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Ta ce ta fita a wadace, an komo da ita hannu wofi.

Ya mai karatu, dubi abu uku a nan, ka ɗan daɗe a kansu. Na fari, tana faɗin cewa ba ta da kowa alhali Rut, surukarta da ta bar ƙasarta da danginta saboda ita, tana tsaye a gefenta. Na'omi ba butulu ba ce. Haka baƙin ciki mai tsanani yake rufe ido, mutum ya kasa ganin abin da ya rage masa. Na biyu, ba wanda ya tsauta mata. Matan garin ba su ce ta yi saɓo ba, Rut ba ta yi fushi ba, Ubangiji bai aiko annabi ya gyara mata magana ba. An bar ta ta faɗi ɗacinta da bakinta, an kuma rubuta shi cikin Littafi Mai Tsarki domin mu karanta. Na uku, kuma shi ne ya fi jan hankalina: daga wannan wuri har ƙarshen littafin, ba wanda ya kira ta Mara ko sau ɗaya. A aya ta gaba ma marubucin ya ci gaba da ce mata Na'omi, kamar mai riƙe wa wani ajiya har ranar da zai iya karɓa.

Ta yaya ta komo cikin sunanta? Ba mu ga wata al'ajibi ba a littafin nan. Mun ga kakar sha'ir, da dokar Musa da ta ce a bar wa matalauta kala a gona, da attajiri mai tsoron Allah, Bo'aza, wanda ya umarci samarinsa kada su taɓa baƙuwar. Mun ga hatsin da Rut ta ɗauko da yamma, da ragowar abincin rana da ta ɓoyo wa tsohuwar. A sura ta biyu Na'omi ta sa wa mutum albarka, a sura ta uku ta fara ƙulla dabara saboda gobe, ita da a Mowab ta ce ba ta da sauran bege. A ƙarshe aka ɗora mata jariri, Obida, a cinya, maƙwabta mata suka ce an haifa wa Na'omi ɗa. Amma kada mu manta, kaburbura uku suna nan a Mowab. Obida bai zama Malon ba. Matar da ke reno a sura ta huɗu ba ita ce matar da ta bar Baitalami ba, duk da haka Na'omi ce.

Kuskure biyu da mukan yi

Na farko shi ne gaggawa. Mukan so ɗan'uwa ya warke da wuri, sau da yawa domin ciwonsa yana damunmu ne. Sai mu ce ya yi haƙuri, ya manta, mai bi ba ya baƙin ciki kamar marasa bege, ai shi sabon halitta ne. Kalmomin na gaskiya ne, amma in an faɗe su ba a kan lokaci ba sukan zama murfi a kan miki mai ruwa. Littafin Sama'ila na biyu, sura 13, ya nuna mana ƙarshen wannan hanya. Amnon ya yi wa Tamar fyaɗe, ta zuba toka a ka, ta kece rigarta, ta fita tana kuka a fili. Wanta Absalom ya ce ta yi shiru, kada ta sa abin a zuciya. Mahaifinta Dawuda ya husata, amma bai hukunta kowa ba. Labarinta ya ƙare da zaman kaɗaici a gidan wanta, bayan shekara biyu kuma shirun nan ya haifi kisan kai. Gidaje nawa ne a cikinmu suka ce wa 'yarsu ta yi shiru don kada sunan gida ya ɓaci, ko don mai laifin babba ne a ikkilisiya? Allah da ya sa Littafin Makoki cikin Maganarsa, ya kuma bar Zabura 88 ta ƙare a cikin duhu ba tare da kalmar ta'aziyya ba, ba ya tsoron kukanmu. Abokan Ayuba ma, mafi kyawun hidimarsu ita ce kwana bakwai ɗin da suka zauna tare da shi ba su ce uffan ba.

Kuskure na biyu ya fi wuyar ganewa domin yakan zo da rigar tausayi. Shi ne mu karɓi sunan Mara, mu liƙa wa mutum har abada. A daren 14 ga Afrilu 2014 aka sace ɗalibai 276 daga makarantar sakandare ta Chibok. 57 suka kuɓuta a kwanakin farko, aka sako 21 a watan Oktoba na 2016, da 82 a watan Mayu na 2017. Yau waɗanda suka dawo manyan mata ne, waɗansu sun gama jami'a, waɗansu iyaye ne, amma har yanzu duniya 'yan matan Chibok take ce musu, kamar dai agogon rayuwarsu ya tsaya a daren nan. Wannan ma sunan ƙauna ne. Akwai na ƙiyayya: wani rahoto da UNICEF da ƙungiyar International Alert suka fitar a 2016 ya nuna yadda ake kiran matan da suka dawo daga hannun 'yan tawayen nan matan Boko Haram, ko annoba, ana kuma gudun 'ya'yan da suka haifa a daji.

A cikin majami'a namu salon dabam ne. Mukan tsai da gwauruwa a gaban jama'a ta ba da shaida duk lokacin da baƙi suka zo, ta sake faɗin yadda aka yanka mijinta, mu share hawaye, a karɓi baiko. Ba na musun cewa shaida tana gina ikkilisiya, in mai ita ce ta zaɓi lokacinta da kanta. Amma in ba mu taɓa neman matar nan ba sai don labarin nan, mun koya mata cewa darajarta a wurinmu tana cikin rauninta ne. Mutum kuwa yakan riƙe abin da ke kawo masa daraja.

Akwai haɗari mafi girma kuma, wanda ya shafi al'umma ɗungum. Ƙabila ko ikkilisiya tana iya sa wa kanta suna Mara, ta rene 'ya'yanta a kan cewa mu ne waɗanda aka zalunta, ba wani abu kuma. Zaluncin gaskiya ne, neman shari'a a kansa wajibi ne. Amma wanda bai san kansa ba sai a matsayin wanda aka cuta, da wuya ya ga laifinsa ranar da ya ɗaga adda a kan matafiyin da bai san hawa ba, bai san sauka ba. Mun ga wannan a hanyoyinmu, ba sai an ba mu labari ba.

To, a ina mutum yake?

Mai tunani zai iya cewa: kana kiran ta Na'omi don ka kwantar mata da hankali ne kawai. Halinta ya sāke, barcinta ya sāke, addu'arta ma ta sāke, wace Na'omi ce ta rage? Tambaya ce mai nauyi, masana sun daɗe suna kokawa da ita. John Locke, masanin Ingila na ƙarni na 17, ya koyar cewa abin da ke sa mutum ya zama shi ne jiya, shi ne yau, shi ne sanin kansa da tunawa da abin da ya wuce. In haka ne duka, mai raunin zuciya ya shiga uku, domin tunaninsa ne ya tsinke: waɗansu sa'o'i sun ɓace masa sam, waɗansu kuma suna dawowa kamar yanzu ake yinsu. In kuwa muka ce mutum shi ne abin da jama'a suka ɗauke shi, to, wadda aka kira annoba ta zama annoba ke nan.

Bangaskiyarmu ta ajiye tushen mutum a wurin da wuta ba ta kai ba. An halicce shi cikin siffar Allah, kuma a Farawa sura 9, bayan faɗuwar Adamu, bayan rigyawa, Allah ya sake ambaton wannan siffa a matsayin dalilin da ya sa jinin mutum yake da tsada. Mai bi kuma an saye shi da jinin Kristi, an kira sunansa a ruwan baftisma. Ba shi ya yi wa kansa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, saboda haka ba ya rasa su don ya daina jin su. Mun san haka a gidajenmu: kakar da tsufa ya sa ta manta sunan 'ya'yanta, ba wanda yake shakkar cewa Kaka ce, domin akwai masu riƙe mata abin da ita ta sake.

Ikkilisiyar Afirka ta taɓa fuskantar tambayoyinmu tun da daɗewa. A shekara ta 410 mayaƙan Alarik suka washe birnin Roma, aka yi wa mata Kirista da yawa fyaɗe, har waɗanda suka keɓe kansu domin Ubangiji. Augustin, bishop na Hippo a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, ya ɗauki maganar a farkon littafinsa Birnin Allah. Ya koyar cewa mazaunin tsarki shi ne nufin zuciya, don haka abin da wani ya yi wa jikin mace da ƙarfi, ba da yardarta ba, bai rage mata tsarki ba, zunubin na mai yi ne shi kaɗai, kuma ba ta da dalilin kashe kanta don kunya. Wannan ya yi daidai da koyarwar Ubangiji a Markus sura 7, cewa abin da ke ƙazantar da mutum daga cikin zuciyarsa yake fitowa. Da dattawanmu za su faɗi wannan a fili daga bagade, da 'yan mata da yawa sun ɗaga kai.

Akwai kuma masu ɗauke da abu mafi wuya: waɗanda aka sa wa wuƙa a wuya, bakinsu ya furta abin da zuciyarsu ba ta yarda da shi ba, ko aka tilasta musu aikata abin da ba sa iya faɗa. Mukan girmama waɗanda suka tsaya har mutuwa, ya kuwa dace. Amma sauran fa? Bayan tsanantawar Sarki Desiyus a shekara ta 250, ikkilisiya ta rabu a kan wannan. Nobatiyan na Roma ya ce kada a sake karɓar waɗanda suka faɗi. Kifriyan, bishop na Kartaj a Tunisiya ta yau, da majalisar bishop-bishop da ta zauna a 251, suka buɗe musu hanyar komowa ta wurin tuba, ikkilisiya kuwa ta bi wannan hanya. Tana da misali a gabanta. A bakin wutar gawayi Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku, a bakin wutar gawayi kuma, a gaɓar tekun Galili, Yesu ya ciyar da shi, ya kira shi da sunansa na haihuwa, Siman, ya tambaye shi sau uku game da ƙauna, ya danƙa masa kiwon tumaki. Bai ɓoye abin da ya faru ba, bai kuma bar shi a can ba.

Saboda haka ba ƙarya muke yi wa Na'omi ba. Mara gaskiya ce game da abin da ya same ta, dole kuwa a saurara mata har ta gama faɗa. Na'omi gaskiya ce game da ita kanta. Warkewa ba komawa yadda ake a dā ba ce, gama wannan hanyar a rufe take. Ubangijinmu da kansa ya tashi daga matattu da tabon ƙusa a hannuwansa da na mashi a kwiɓinsa, da su ne kuma Toma ya shaida shi. Tabo da miki ba ɗaya ba ne: miki yana zub da jini in an taɓa, tabo kuwa yana ba da labari, mai shi yana ci gaba da aiki da hannun.

A cikin gida da ikkilisiya

Sa'ad da Iliya ya gudu daga Yezebel, ya zauna a gindin itace yana roƙon mutuwa, abin da mala'ika ya fara kawo masa gurasa ce da ruwa, sa'an nan barci, har sau biyu, kafin wata magana ta biyo baya. Likita Judith Herman ta Amurka, a littafin da ta buga a 1992 a kan raunin zuciya, ta tsara warkewa a irin wannan jeri: a fara samun kwanciyar hankali da tsaro, sa'an nan tunawa da makoki, daga baya komawa cikin mutane. Matar da har yanzu take kwana ɗaki ɗaya da mai dukanta, ko iyalin da ba su san ko za a sake kawo hari daren yau ba, ba wa'azin gafara suke bukata da fari ba. Gafara za ta zo, umarnin Ubangiji ce, amma ba a matso ta daga bakin mutum kamar man gyaɗa, ba ta kuma hana a kai mai laifi gaban shari'a.

In firgita da rashin barci da mugun mafarki sun wuce wata guda suna hana mutum harkokinsa, a kai shi wurin likita, ana addu'a ana tafiya. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri, akwai sashen wannan aiki a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos. A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma amince da hakkin irin waɗannan majinyata. In mutum ya fara zancen kashe kansa, ranar nan za a nemi taimako, kada a bar shi shi kaɗai. A yi hattara kuma da masu ganin aljani a kowane ciwo. Ɗaure mai firgita da sarƙa, ko hana shi abinci da sunan kuɓutarwa, sake yi masa abin da aka riga aka yi masa ne.

Sauran aikin na yau da kullum ne, kowa yana iyawa. A kira mutum da sunansa. A mayar masa da aikin da ya iya: wadda take ba da waƙa a zumuntar mata a garinsu, a miƙa mata waƙa a nan ma, manomin da ya rasa gonarsa, a nemi shawararsa a kan iri da taki, a ba shi aron fili in akwai. Mutumin da kullum karɓa yake yi, ba a taɓa roƙonsa kome ba, a hankali yakan manta cewa yana da abin bayarwa. Yara kuma a gaya musu gaskiya daidai da shekarunsu, a faɗa musu a fili cewa ba laifinsu ba ne, gama yaro yakan ɗora wa kansa abin da manya suka yi shiru a kai.

Akwai wani yaro a Littafi Mai Tsarki da ya dace iyaye su san labarinsa. Mefiboshet ɗan Yonatan yana da shekara biyar sa'ad da labarin mutuwar mahaifinsa da kakansa Saul ya iso daga fagen yaƙi. Mai renonsa ta ɗauke shi ta gudu, garin sauri ya faɗi, ya gurgunce. Ya girma a gidan wani mutum, Makir, a Lodebar, hayin Urdun, ɗan gudun hijira tun yana ƙarami. Ko ƙarshen sunansa ma, boshet, kunya yake nufi da Ibrananci. Da Dawuda ya tambaya ko akwai wanda ya ragu daga gidan Saul, Ziba bai faɗi sunansa ba, ya ce dai akwai wani ɗan Yonatan, gurgu. Da aka kawo shi fāda, shi da kansa ya kwatanta kansa da mataccen kare. Dawuda kuwa kalmar farko da ta fito daga bakinsa sunan mutumin ce. Ya kawar masa da tsoro, ya mayar masa da gonakin kakansa duka, ya ba shi wuri a teburinsa kamar ɗaya daga cikin 'ya'yan sarki. Sama'ila na biyu sura 9 ta rufe da ambaton abu biyu tare, cewa yana ci kullum a teburin sarki a Urushalima, kuma gurgu ne a ƙafafunsa biyu. Yana da ɗa mai suna Mika, Littafin Tarihi na fari sura 8 kuma ya jera zuriyar Mika tsara bayan tsara, har zuwa jikoki jarumawa masu harbi da baka.